Jan Biron Malam Mailafiya

Yayana Malam Mailafiya bai iya yabo ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In aka kawo masa tuwo sai ya ce miyar ta yi ruwa, in ta yi kauri sai ya tambaya ko siminti aka zuba. Da bakinsa yake cewa, "Ni ba don in ga mai kyau aka ɗauke ni aiki ba. Mai kyau ai kowa ma yana ganinsa."

A wata ƙaramar maɗaba'a ta Alhaji Baffa yake aiki, kusa da Ƙofar Nassarawa. Kafin a saki inji ya buga dubbai, sai an fitar da takarda guda ta gwaji, wadda suke kira furuf, an kawo masa. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya zaro jan biro daga bayan kunne, ya zagaye inda tawada ta yi sanyi, da inda ta yi ƙarfi ta cinye rubutu, da inda layi ya karkace. Sai ya sa hannu a ƙasa sannan inji zai tashi. A can wannan hali shi ne abincinsa. Abin takaicin shi ne da biron yake komowa gida Gwammaja.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Bahijja da Naziru. Ni na taya shi riƙonsu, tunda gidanmu ɗaya. Da Naziru ya gama sakandare sai ya bi ubansa maɗaba'a. Lokacin auren Bahijja ya roƙi Alhaji Baffa a bar shi ya buga katin gayyata shi kaɗai. Ya kawo wa ubansa katin farko a zaure, gaban abokansa, yana murmushi. Malam ya ɗaga katin, ya zaro biro. Na ga katin daga baya, ja ya fi baƙi yawa.

"Wannan na biki ne ko na ta'aziyya?" in ji shi. Mutane suka yi dariya.

Naziru ya tsaya aka yi biki, ya taya kai kayan amarya har ɗakinta. Washegari ya fita, bai dawo ba. Malam ya ce yunwa za ta koro shi. Ba ta koro shi ba. Muka yi cigiya a rediyo, muka aika wajen dangi, shiru, shekaru suka yi ta wucewa.

Sai ga soja sun ce za su miƙa mulki a 1999. Maɗaba'a ta cika da fuskokin 'yan takara. Akwai wani Ɗanjuma, shugaban masu manna fosta, wanda motar jam'iyya take yawo da shi da bokitin sitacinsa kasuwa-kasuwa, tasha-tasha, duk faɗin jiha. Shi ya tare Malam.

"Malam, ka buga mini fuskar yaron nan naka da ya ɓata. Duk bangon da na manna ɗan takara, zan manna shi a gefe. Amma fa ka sani, ana gama zaɓe motar nan ta tsaya."

Alhaji Baffa ya ba da ragowar takarda da tawada kyauta. Hoton Naziru ɗaya ne a gidan, na 'yan ajinsu, kansa bai fi farce girma ba. Da aka faɗaɗa shi sai fuskar ta tarwatse ta zama ɗigo-ɗigo. Malam ya ɗaga furuf ɗin, ya zagaye idanu, ya ce sun yi sanyi. Aka ƙara tawada, ya ce goshi ya yi duhu. Aka rage, ya ce haɓar ta ɓace. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka yi na gwamna, yana ta zagaye fuskar ɗansa da ja. Ɗanjuma yakan leƙo da safe ya ce, "Malam, yau ma amaryar ba ta gama kwalliya ba?"

Na same shi a tsakar gida da takardun a cinyarsa.

"Yaya, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro, ga 'Babanka yana nemanka' a ƙasa. Yaron ya san sunansa. Ka sa hannu."

"Ba fuskarsa ba ce, Hajo."

"To ka cire fuskar."

Ya kife takardun a cinyarsa. Sannan ya ce, "Ni na koya masa duba aiki. Zai tsaya a gaban bango ya ce, ashe tsohon nan ko fuskata bai iya fitarwa ba."

Na ce masa wannan tsoro ne, ba ƙwarewa ba. Bai yi musu ba, bai kuma sa hannu ba.

Aka yi zaɓen shugaban ƙasa, motar ta tsaya, Ɗanjuma ya koma sayar da rake. Sai ana gab da rantsar da sabuwar gwamnati Malam ya sa hannu a kan furuf na farko, wanda ya fara ƙi. Ya ɗauki bokiti da kansa, ya bi bangon Gwammaja da Dukawuya yana manna takardun, iya inda ƙafarsa ta kai, inda kowa ya riga ya san labarin. Damina ta zo ta wanke su.

Bayan ruwa ya ɗauke wani direba ya ga guntun takardar a jikin wani kanti, ya neme mu. Ya ce ya san yaron, yana yanka tikiti a tashar Wudil har bayan zaɓe, daga nan ya bi wata babbar mota kudu. Ɗanjuma ya ce bangon tashar nan ba wanda bai manna wa fosta ba. Malam ya je Wudil ya dawo. Bai faɗa mana abin da ya gani ba, amma tun daga ranar ban sake ganin biro a kunnensa ba. Bai koyi yabo ba dai. Shiru kawai ya koya.

Ya rasu a zango na biyu na wannan mulkin farar hula, Naziru bai dawo ba, har yau. Allah Ya jiƙan Malam. Kwana kaɗan kafin cikawarsa ya sa aka kira Bahijja da Alhaji Baffa, ina zaune a gefen tabarma. Ya ce, "In yaron nan ya shigo, kada kowa ya tambaye shi inda ya je. Ko me ya zo da shi a hannu, ku karɓa ku duba, ku ce masa ya yi kyau."