Ranar da Masu Yunwa Suka Yi Ado

Na manta sunayen yara da yawa da na koyar, na manta fuskokin abokan aiki da muka sha shayi tare, amma akwai wata Asabar a Tudun Wadar Zariya wadda ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai iya haɗiye ta. Ranar ce aka yi bikin ciyar da masu yunwa, kowa ya ci ya ƙoshi, ban da masu yunwar.

Lokacin nan ne da kuɗin man fetur suka sauko wa ƙasar nan kamar ruwan Agusta. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, gari ya rikice. Mai tafiya a ƙasa ya hau babur, mai keke ya shiga mota, mutumin da bai taɓa riƙe cebur ba ya wayi gari ɗan kwangila. Ni ma, malamin firamare, na sayi babur, ina zagaya unguwa ina danna hon ko da babu ko akuya a gabana.

Sai dai sama ba ta sauraron rediyo, ba ta ji labarin an yi arziki ba. Can arewa da mu ruwa ya ɗauke, fari ya kashe dabbobi, ya busar da rijiyoyi, mutane suka riƙa gangarowa kudu da abin da ya rage musu a ka. Wani ayari na mutanen Abzin ya sauka a wani kango a hanyar Tudun Jukun. Gini ne da aka ba da kwangilarsa, aka yi bikin aza harsashi, aka ɗora bulo zuwa taga, aka manta da shi. Ka ga amfanin ɗan kwangila ke nan. Da ya gama ginin da an sa ƙofa da kwaɗo, da bayin Allah ba su sami wurin kwana ba.

Limamin masallacinmu ne ya yi magana wata Juma'a, magidanta suka haɗa hatsi, matan unguwa suka yarda za su riƙa dafawa bi da bi. Saura mai kaiwa. Na ce ni zan kai, tunda dai babur ɗina yana neman aikin da ya fi tsorata kaji. Kullum in na tashi daga makaranta sai in ɗaure daron tuwo a baya, in rataya bokitin miyar kuka, in kama hanya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Shugaban ayarin wani dattijo ne dogo, siriri, mai baƙin rawani da ya rufe masa baki, ba ka ganin komai sai idanu. Hausarsa a karye take amma ana ganewa. Ya taɓa mallakar raƙuma da garken awaki, ya ce ya baro ƙasusuwansu a hanya. Ɗansa ya yi gaba neman aikin gadi, ya bar masa matarsa da jinjiri a goye. Dattijon nan bai taɓa karɓar daro daga hannuna a tsaye ba.

"Malam, zauna," haka yake cewa. "Ka zo gidana, ai sai an gaisa."

Gidan nasa ko rufi ba shi da shi. Amma sai na zauna a buzu, ya tambayi iyalina da ɗalibaina, sannan ya raba abincin da hannunsa: masu shayarwa tukuna, sai yara, sai tsofaffi, shi ne ƙarshe. Haka muka yi makonni, ba wanda ya san da mu, ba wanda ya tafa mana, kuma abin mamaki tuwon yana shiga ciki duk da haka.

Ana nan sai labari ya kai kunnen wani Alhaji a unguwarmu, ɗan kwangila, wanda kuɗi suka zo masa da sauri har jikinsa bai gama sabawa da babbar riga ba. Ya kira ni gidansa, na same shi a falo tsakanin fanka da firiji.

"Malam, me nake ji? Ana ciyar da bayin Allah a unguwar nan ba kwamiti?"

Na ce, "Alhaji, ba mu ga yunwar ta nemi kwamiti ba."

Bai ji ni ba. Kafin mako ya zagayo an kafa kwamiti, shi ne shugaba, ga mataimaka, ga sakatare, ga mai ba sakatare shawara. Sai da 'yan kwamiti suka fi masu tuƙa tuwo yawa. Ni aka naɗa jami'in sufuri, wato aka ba ni izinin ci gaba da abin da nake yi. Shawarar farko da aka yanke ita ce a ƙaddamar da ciyarwar, a gayyato babban baƙo daga Kaduna, a kira mai hoto.

Na ce, "Ai tuntuni aka fara."

Ya ce, "Wannan farawar gargajiya ce, Malam. Yanzu za a fara a hukumance."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya buɗe hannu. Shinkafar waje, kajin da suka zo daga Turai a daskare, lemon kwalba akwaku-akwaku. Tuwo kuwa aka hana shi leƙo fili ranar, don kada babban baƙo ya ga miyar kuka ya ce Zariya ba ta waye ba. Aka kuma ce kada kowa ya kai musu komai da safen, don su ci da marmari a gaban baƙi. Mutanen da fari ya koro, su ne ake nema wa marmari.

Ni na kai wa dattijon saƙon gayyata. Idanunsa suka yi haske.

"Manyan gari za su fito saboda mu?" ya tambaya. "To, bai kamata su gan mu haka ba."

Ranar Juma'a da na kai tuwo, na tarar rabin ayarin suna bakin rafin Kubanni suna wanki. Mata suna kitso, ana zizara wa yara kwalli. Ashe kowa yana da ɗan abin da ya ɓoye a ƙasan jakar fata, wanda yunwa ba ta kai ga sa shi sayarwa ba: wata zoben azurfa, wata zane mai shuni, wani takalmin fata da ya ɗauko a hannu tun daga gida don kada ya ƙare.

Asabar da hantsi filin ƙwallon unguwa ya cika. An kafa rumfa da kujeru don baƙi, an shimfiɗa tabarmi a tsakiyar rana don masu yunwa, saboda mai hoto ya ce hoto ya fi fita a rana. An jera tukwane a gefe, an ɗaura jan ƙyalle a gabansu, wanda babban baƙo zai yanke da almakashi. Ƙamshin soyayyen kaza ya kai har unguwar Kongo.

Can sai ga su tafe a jere. Dattijon yana gaba cikin shuɗiyar riga mai sheƙi, yana taku kamar ƙasar tasa ce, maza a bayansa, mata na biye da azurfarsu. Wallahi ban gane su ba da farko. Alhaji ya yi zumbur ya miƙe, ya gyara hula, ya tare su da hannu biyu.

"Maraba, maraba! Ku ne 'yan rakiyar babban baƙo?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Alhaji, su ne masu yunwar."

Hannun da ya miƙa ya tsaya a iska, bai san inda zai kai shi ba, sai ya sosa ƙeya da shi. Mai hoto ya leƙa ta cikin na'urarsa, ya ɗago, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ba zai yi ba. Wa zai ga hoton nan ya ce fari? Ai sai a ce ɗaurin aure ne."

Aka zaunar da su a tabarmi, aka shiga jira. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, aka kira azahar, aka yi salla aka dawo, babban baƙo shiru. 'Yan rumfa suna fifita da jarida suna shan lemo don kada jira ya yi musu illa. A tabarma kuwa yara suna ta kallon tukwane. Jinjirin surukar dattijon ya yi ta kuka har muryarsa ta koma kamar ta ɗan kyanwa. Uwar ta sa shi a nono, ya saki, ta sake sa shi, ya saki. Rabonta da abinci tun tuwon jiya.

Na je wurin Alhaji na ce a ba ni ko faranti ɗaya saboda mai jego.

Ya dube ni kamar na ce a rushe masallaci. "In aka buɗe tukunya kafin a yanke ƙyalle, me za a ƙaddamar, Malam? Kai fa ɗan boko ne."

Can wajen la'asar aka aiko cewa babban baƙo ya shigo gari. Nan Alhaji da mai hoto suka gama ƙus-ƙus ɗinsu. Aka kawo wani ƙunshi daga motar leburori: yagaggun riguna da tsofaffin buhunan siminti. Alhaji ya ce in je in gaya wa dattijon su cire kayan jikinsu su sa waɗannan, na ɗan lokaci kawai, har a ɗauki hoto.

Na ce, "Alhaji, bakina ba zai iya faɗin wannan ba."

Sai ya tafi da kansa. Ya tsaya a kan dattijon yana ɗaga murya, irin yadda ake yi wa wanda ake zaton ba ya jin Hausa, yana nuna riga yana nuna buhu. Dattijon ya bar shi ya gama tsaf. Sannan ya miƙe, sai da Alhaji ya ɗaga kai kafin ya ga idanunsa.

"Alhaji," ya ce, a hankali. "Fari ya ci raƙumana. Ya ci awakina. Ya ci daga cikin jikokina. Rigar nan ce bai ci ba. Ita kake so in tuɓe?"

"Hoto ne kawai, Baba, hoto!"

"Mun ɗauka gaisuwa kuka fito."

Ya juya ya faɗi kalma ɗaya da yarensu. Gaba ɗaya suka miƙe, suka naɗe tabarmin da ba nasu ba suka jingine, suka bi ta gaban tukwanen nan suka wuce. Ba wanda ya waiwaya sai yara, su ma iyaye suka juyar musu da kai. Alhaji ya bi su da kira, babbar riga na harɗe shi.

"Ku dawo! Kaji ne fa! Kajin Turai!"

Na ruga gida na ce wa matata ta ɗora ruwan kunu, ta aika wa maƙwabta a tuƙa tuwo. Ta dube ni ta ce, "Tun azahar muka ɗora. Da ma mun san tukunyar da aka ɗaura wa ƙyalle ba ta mai yunwa ba ce."

Na koma fili ɗauko darona da aka ara, sai na tarar babban baƙo ya iso da jiniya, ya yanke ƙyalle, ana tafi. Saura masu yunwa. Amma ɗan kwangila ba ya rasa dabara. An kamo leburorin Alhaji da suka kawo kujeru, an zaunar da su a tabarmi. Shugabansu wani ƙato ne wanda duk Tudun Wada ta san ba a barin sa kusa da tukunyar biki. Shi aka sa wa yagaggiyar singileti, tumbi ya leƙo ta ƙasa, aka ce ya langaɓe kai. Babban baƙo ya miƙa masa faranti, mai hoto ya ƙyasta. Sannan baƙon ya karɓi lasifika, ya nuna ƙaton nan da hannu, ya ce da ganin wannan bawan Allah an san shirin ya fara aiki, don haka yana jinjina wa kwamiti. Aka sake tafi. Daga nan 'yan rumfa suka faɗa wa kaji, abin da ya rage aka zuba a bayan motoci.

Da na isa kango da kunu da tuwo, na tarar da surukar dattijon a kwance. Ashe jiri ya kwashe ta a hanya, sai ɗauko ta aka yi. Jinjirin ya daina kukan ma, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wata tsohuwa ta tallafo kanta, ta riƙa ba ta kunu da ludayi kaɗan-kaɗan. Sai da rana ta yi ja sannan ta iya tashi zaune, aka miƙa mata yaron, ya kama nono, muka ji yana haɗiya. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Dattijon ya raba tuwo, har lokacin yana cikin shuɗiyar rigarsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Baƙin sun ci?"

"Sun ci, Baba."

"Sun ƙoshi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da ina tsoron kada su kwana da yunwa saboda mu."

Har yau ban sani ba ko da gaske yake ko ba'a ce, don rawani ya rufe bakin.

Kwamiti bai sake zama ba, tunda ya gama aikinsa. Mata suka ci gaba da tuƙi, ni da babur muka ci gaba da kaiwa, har damina ta kankama, ayarin ya watse. Ɗan dattijon ya zo ya kwashi iyalinsa da mahaifinsa, yaron a lokacin ya yi kumatu. Hoton kuwa ya yi shekaru a rataye a falon Alhaji, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa ƙaton nan an ce ga irin waɗanda aka ceto.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, yunwa tana raba mutum da dukiyarsa, amma ba ta raba shi da mutuncinsa, sai dai mai ƙoshi ya zo ya nemi ƙarasa aikin. In ka ba mutum abinci ka ce ya biya da mutuncinsa, ba sadaka ka yi ba, ciniki ka yi, kuma ka cuce shi a cinikin. In za ka kai, ka kai da zafinsa, ka zauna a gaisa, ka bar mutum da rigarsa a jikinsa.