Safar Hannun Wancan

Ni dai kowa ya san ni da baki da yatsa. Ƙawayena a jami'a cewa suke kafin mutum ya gama sallama na tura teks uku. Ina jin daɗin wannan kirarin sosai, har shekarar da malamanmu suka tafi yajin aiki, na kwaso komatsaina na dawo gidanmu a unguwar Karewa ta Jimeta, na tarar Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Hannun hagu da ƙafar hagu sun tafi. Magana tana fita, amma a hankali, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Mutumin da ya ƙare aikinsa a sakatariya, wanda in ya yi gyaran murya a bakin get kowa ke nutsuwa, yanzu sai an jingina shi da filo. Dada, mahaifiyarmu, tana fama da girki da wanki da magani, ni kuma aka bar mini zaman jinya daga azahar zuwa magariba.

Zaman shiru da Baba a zafin Jimeta ba ƙaramin aiki ba ne. Rana ta uku na gaji, na jona laftof ɗina da talabijin, na saka wani shirin barkwanci na Turawa mai dogon zango. Wata ƙungiyar ƙwallo ce da ba ta iya komai ba sai shan kashi. Kocinsu wani mai tumbi, golan kuma ɗansa ne na cikinsa, kullum suna faɗa kamar kaji. Na ɗauka Baba zai ce in kashe, domin a gidanmu ƙwallo kamar zagi ce.

Dalilin kuwa Hamma ne, babban yayanmu, ɗan fari. Gola ne, kuma wallahi ya iya. Ranar jarrabawar lissafi ta fita sakandare ya tsallake ya tafi wasa Numan. Baba bai dake shi ba, bai ɗaga murya ba. Jakarsa kawai ya fito da ita ya ajiye a bakin get. Hamma ya ɗauka ya tafi, ƙarshe ya tsallaka Garwa ta Kamaru, ya yi wasa har gwiwarsa ta lalace, ya koma koyar da yara. Ina firamare lokacin. Yana kirana, yana gaida Dada, amma shi da Baba ko tari bai sake haɗa su ba.

Baba bai ce in kashe ba. Da kocin ya zame a kan tumbinsa yana bin alƙalin wasa, sai na ji wani sauti a bayana. Na juya a tsorace, ashe dariya ce, da rabin baki.

"Auta, me wannan sakaran ya ce?"

Turanci Baba yana ji, amma nasu gudu yake yi, sai na zama tafinta. Ina ƙara gishiri, ina ƙara yaji. "Cewa ya yi, Baba, wai golan nan ko kwando aka ajiye a raga ya fi shi amfani."

"Ɗansa yake faɗa wa haka?"

"Ɗansa fa."

"To ai gaskiya ce."

Abu ɗaya ne Baba ba ya iya kallo. Duk faɗan da suka yi, ƙarshen kowane kashi na shirin sai kocin ya rungume ɗan, ya kira sunansa, ya ce yana alfahari da shi, a gaban jama'a. Nan Baba zai kau da kai ya ce, "Marasa kunya." A wurinmu iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna suna ji da shi. Tun ana zaman lafiya Baba "wancan" yake cewa, Dada kuma "yayanku." Na san wannan kamar yadda na san hanyar kicin ɗinmu, shi ya sa abin da na yi ba shi da uzuri.

A wani kashi, uban da ɗan sun yi gaba ta gaske. Sai ƙanwar golan ta saci wayar ubansu ta tura wa yayanta saƙon ban haƙuri. Kafin a ce me, ga su a filin wasa suna kuka suna rungumar juna, 'yan kallo na tafi. Na dubi Baba yana gyangyaɗi, na dubi 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai a kan tebur, na ce a raina, kai, yau za a yi ta ta ƙare. Shaf-shaf na rubuta. Na fara da sunan Hamma, cikakke, na ce ɗana, na yafe maka, ina kewarka, ka dawo gida. Na tura, na goge, na koma na zauna ina jin kaina kamar wadda ta ci kofi.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Na ruga bayan gida wajen bishiyar mangwaro.

"Hammana na kaina! Ya garin Faransawa?"

"Auta."

Yadda ya faɗa kawai na san an samu matsala.

"Tunda aka haife ki kin taɓa jin Baba ya kira sunana?"

Na jingina da bishiyar, ya ci gaba.

"Ina tsakiyar fili da yara na ga lambarsa. Shekara tara ban ga lambar nan a wayata ba. A ƙasa na zauna. Sannan na buɗe na ga sunana." Ya ja numfashi. "Kin san me kika yi mini?"

"Hamma, wallahi ni so nake kawai..."

"Nan ba talabijin ba ne. Kar ki sake."

Ya kashe. Na tura masa ban haƙuri ya fi ashirin, har da 'yan hotunan kuka. Bai amsa ko ɗaya ba. Ban faɗa wa Dada ba, don na san abin da zan sha.

Damina ta sauka, muka ci gaba da kallo ni da Baba. Jikinsa yana ƙara ja baya, abinci sai kunu, amma in azahar ta yi sai ya nuna talabijin da haɓa. A kashi na kusa da ƙarshe golan ya tare fenariti, karo na farko tun da aka fara shirin. Na daka tsalle ina ihu. Baba ya ɗaga hannun dama.

"Tsayar."

Na tsayar. Hoton ya daskare a kan golan yana kwance rungume da ƙwallo.

"Bai iya faɗuwa ba," in ji Baba. "Wancan a kan kafaɗa yake sauka."

Ban taɓa sanin Baba ya ga wasan Hamma ba. Ban tambaya ba, don na ga bakinsa yana ƙoƙarin haɗa wata magana.

"Akwatina na ƙarfe. Ƙarƙashin fayil." Ya huta. "Ki ce wa wancan ya zo ya ɗauki safar hannunsa."

Duk wanda ya san Baba ya san wannan ita ce iyakar rungumarsa. Wayata tana hannuna. Ni da nake ɗaukar bidiyon komai, har akuyar maƙwabta in ta yi atishawa, da na danna na ce ya maimaita, da muryarsa ta tafi Garwa a ranar. Amma yatsana ya riga hankalina. Na rubuta maganar yadda ya faɗa, ban ƙara ko ɗigo ba, na tura.

Amsar ta zo nan take: "Kin ƙware. Wannan karon har kin iya muryarsa."

Na kira, bai ɗauka ba. Na ce ba komai, gobe in Baba ya huta zan ɗauki muryarsa. Da safe Dada tana ba shi kunu ciwon ya sake bugunsa. Muka sa shi a keke napep muka kai asibiti. Idonsa a buɗe, amma magana ta tafi gaba ɗaya. Na kara masa waya a baki ina cewa, "Baba, ka sake faɗa, abin da ka ce jiya." Numfashi kawai ta ɗauka. Yana nan a wayata har yau.

Ranar na faɗa wa Dada komai a barandar asibiti. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta karɓi wayar, ta kira Hamma da kanta, ta ce, "Ka taso." Ya taso. Amma ruwa ya cinye hanya, motarsu ta kwana biyu tsakanin iyaka da Yola. Baba ya cika da hantsi, aka kai shi bayan azahar. Hamma ya shigo get washegari, yana ɗingishi, ya tarar da tabarmin zaman makoki.

Bayan sadakar uku na ja shi ɗakin Baba na buɗe akwatin. Safar hannun biyu suna nan ƙarƙashin fayil, a cikin leda ɗaya da takardar ritayarsa. Zafi ya busar da robar, duk ta tsage. Hamma ya juya su ya sake juyawa.

"Auta, tsakaninki da Allah. Shi ya faɗa, ko kin yi bincike kin gan su ne?"

"Wallahi tallahi shi ya faɗa, Hamma. Har ya ce kai a kan kafaɗa kake sauka."

Ya daɗe yana kallona. Na ga yana so ya yarda. Na kuma ga ya tuna ni ce.

"To," ya ce.

Ya gwada zura hannunsa a ɗaya, ba ta shiga ba, hannun ya yi mata girma. Ya mayar da su cikin ledar, ya sa a aljihun rigarsa, ya fita wajen masu gaisuwa.