Matar da Ta Rubuta Har da Dariyar 'Yan Majalisa

Ƙarfe bakwai da rabi take isa majalisar dokokin jiha. Ta ajiye jaka, ta feƙe fensir shida, ta sa lamba a kowane shafi kafin a fara zama. Kujerarta tana ƙasan ta kakakin majalisa, inda kyamara ba ta kaiwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana rubuta duk abin da aka faɗa, da rubutun nan na gaggawa mai kama da tsutsotsi. Masinjoji na ce mata Goggo Mai Fensir. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Wannan dai ya zama dole.

A unguwarmu akwai ƙaramin asibiti, gado huɗu, nas biyu. Nan mahaifiyata ke zuwa awon jini duk Talata. Da tallafin da jiha ke ba ƙaramar hukuma yake tsaye. Bara sabon shugaban ƙaramar hukuma ya sayi motocin kwasar shara da tallafin. Ya ce doka cewa ta yi "don lafiyar jama'a", tsafta kuma lafiya ce. Magani ya ƙare. Nas ɗaya ta tafi. Aka fara maganar rufewa. Mu 'yan unguwa muka kai kuka, jiha ta kai ƙara.

Alƙali ya ce yana so ya san abin da 'yan majalisa suka nufa ranar da suka yi dokar, shekara goma sha bakwai baya. Kaset ɗin zaman, ruwan rufi ya lalata shi. Rahoton da aka buga kuwa an tace shi, an cire raha da katsalandan. Sai aka tuna da Goggo.

Ina cikin kotun. Ta zo da tsohon littafi ɗaure da roba, ta gyara tabarau, ta karanta:

"Wani ɗan majalisa daga zaune, ba izini: 'Wannan lafiyar taku har da mota?' Mai ƙudiri: 'Haba ranka ya daɗe, allura da gado nake nufi, ba taya ba. In mota kake so, kawo naka ƙudirin.' Dariya. Kakaki: 'An ji. Asibitoci kawai.'"

Lauyan ƙaramar hukuma ya miƙe. "Goggo, ke har raha kike rubutawa?"

"Ɗana, ba a ɗauke ni in zaɓi magana ba."

"Wa ya sani ko jiya kika rubuta?"

"Duba ƙasan shafin, sa hannun magatakardan majalisa ne. Shekara tara da rasuwarsa. In jiya ne, sai ka je ka tambaye shi yadda aka yi."

Har alƙali ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya.

Lauyan jiha ya ce ya isa haka. Ta ce shafin bai ƙare ba. Ta karanta sauran, inda kakaki ya ce ƙaramar hukuma ce za ta zaɓi asibitin da za a fara da shi. Wannan bai yi mana daɗi ba, don shugaban ya san wace unguwa ce ta kai kuka. Ranar na ji haushinta.

Kotu ta ce tallafin na asibitoci ne. Aka sa namu a ƙarshe. Wata uku mahaifiyata tana hawa mota biyu zuwa awo a wani asibiti. A na huɗu magani ya dawo, nas ta dawo.

Na daɗe ina tunanin abin. Goggo, ke ce ba ki rage musu ba, ba ki ƙara mana ba. Da kin tsaya inda muke so, da gobe ba wanda zai yarda da littafinki, har mu ɗin. Mai kunne biyu, mai hannu ɗaya. Allah ya ba ki hutu da lafiya, ya bar miki idanunki.

Ku kuma masu riƙe wa jama'a alƙalami, a ofis, a kotu, a asibiti, ku rubuta yadda aka faɗa, ko da ba ku ga amfaninsa a ranar ba.

Mahaifiyata ba ta iya rubutu ba. Ta ce in sa cewa ta gode. Na sa.