Ranar da Aka Danna Mini Ganga a Tsakiyar Kiɗa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kibiya, ina kwana a Rano ina zuwa aiki a babur, abokina ya tashi aure. Tun firamare muke tare da shi. Amaryarsa 'yar Fassi ce, liyafar kuma a wani ɗakin taro a Rano aka shirya yin ta.

Ni kuwa a lokacin ina da wani abu da ban cika nuna wa mutane ba: ina kaɗa fiyano. A bautar ƙasa na koya, a kudu, wajen wata tsohuwar malama da ke da irin babban nan na katako a falonta. Ita ta koya mini karanta rubutun kiɗa. Da na dawo gida sai na sayi ɗan kwance mai aiki da lantarki a Kano, na ajiye a ɗaki. Kun san a wajenmu da an ce fiyano, kiɗan fim da na biki ne ke faɗo wa mutum a rai, mai ganga da rawa. Nawa ba irinsa ba ne. Wanda na fi so wani kiɗa ne da wani Bature ya rubuta tun zamanin da, su suna ce wa irinsa noktan, wato kiɗan dare. Ba ganga, ba waƙa, a hankali yake tafiya kamar mutum na faɗa wa masoyiyarsa magana ba ya son na kusa su ji.

Wata rana da yamma abokina ya shigo ɗakina ya same ni ina kaɗa shi. Ya zauna a bakin katifa yana saurare har na kai ƙarshe. Sai ya ce, "Wannan za ka kaɗa lokacin da amarya za ta shigo."

Na ce masa, "Mutumina, wannan fa ba na rawa ba ne. Sai an yi shiru ake jin sa. Ka san mutanenmu."

Ya daki ƙirji ya ce, "Ni ne ango. In na ce a yi shiru, shiru za a yi."

Na yarda. Gaskiya kuma kaina ya ɗan kumbura, har na fara hango kaina mutane na share hawaye.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka kiɗa mai sanyi ya fi sauƙi. Wallahi ya fi wahala. Hannun hagu tafiya yake yi a natse, ya sauka can ƙasa ya dawo tsakiya, ya sake sauka, ba a son ya yi sauri ko ya yi tuntuɓe. Hannun dama shi ne mai waƙar, shi kuma ana son ya ja rai, ya ɗan dakata kamar zai faɗi magana ya fasa, sannan ya kamo ɗan'uwansa ba tare da an gane ya makara ba. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da 'yan yatsun dama za su zubo sautuka ƙanana a jere da gudu, amma a hankali, kamar yayyafi a kan kwano. Nan ne nake karyewa kullum. Ga fiyanon nawa mai taurin kai, in ka danna da ƙarfi ya yi ihu, in ka sassauta ya yi gum. Ga abin takawa da ke riƙe sauti yana ta sulɓewa a kan siminti, sai da na ɗaure shi a jikin bulo da robar taya.

Haka na yi ta fama wata da watanni. In dawo daga Kibiya hannuna na zugi saboda riƙon babur, in yi wanka, in zauna. In an ɗauke wuta in ci gaba da danna shi a mace, don dai yatsu su haddace hanya. Maƙwabcinmu malami ne mai karantarwa, don haka abin ji nake sawa a kunne kada in dame shi. Mahaifiyata ba ta jin komai sai ƙwas-ƙwas daga ɗaki. Ta leƙo wata rana ta ce, "Kai kam kamar kaza ta samu tire. Wannan ne za ka kai gaban surukan mutane?"

Ranar liyafa na je da wuri, bayan azahar, don in gwada kaya. Babu kowa a ɗakin sai masu jera kujeru da mai ɗaukar bidiyo yana haɗa na'urorinsa. Na zauna na kaɗa shi tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa kaɗa shi da kyau irin na wannan lokacin ba. Wuri ɗaya kawai yatsana ya zame. Na tashi ina jin kaina kamar wani babba.

Bayan la'asar ɗaki ya cika. Wanda aka ba gabatar da taron, emsi, ɗan baffan ango ne, irin mutanen nan da in suka riƙe makirfo sai dai a ƙwace. Da lokaci ya yi sai ya ce, "Jama'a, yau mun zo muku da Baturen Rano! Malam zai kaɗa mana na ƙasar waje!" Aka yi dariya. Na haɗiye, na fara.

Farko an ɗan yi shiru. Sai wani daga baya ya ce, "Ba ma ji!" Wata dattijuwa a layin gaba, wadda daga baya na gane gwaggon amarya ce, ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, "Har yanzu gwaji yake yi?" Emsi kuwa ya ga an bar fili babu magana, sai ya fara sanarwa a kan kiɗan: mai farar mota ya zo ya gyara, ya tare hanya. Alhaji wane ya iso, muna masa barka da zuwa. Ni dai na kafa ido a kan yatsuna. Ta gefen ido na ga amarya ta shigo da ƙawayenta, suna takowa a hankali, daidai da tafiyar hannun hagu. Na ce a raina, ko don wannan zan kai ƙarshe.

Ina dab da wurin nan mai wahala, wanda na yi watanni a kansa, sai na ji numfashi a kunnena. Emsi ne ya sunkuyo ya ce, "Malam, babu mai ɗan motsa jiki ne?" Na girgiza kai, don hannuwana duka biyu suna aiki. Sai kawai ya miƙa hannu ta saman kafaɗata ya danna maɓallin ganga.

Irin fiyanon nan yana da ganguna a cikinsa, da ka danna za su tashi da kansu. Suka kuwa tashi, dim-dim-cas, da iyakar ƙarfin lasifika. Ɗaki ya ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa, matasa suka miƙe. Na ɗaga kai na nemi abokina, mai cewa shi ne ango. Yana zaune a kujerarsa ta alfarma, hularsa a karkace, yana tafi yana dariya har da riƙe ciki.

Na ɗauke hannuwana na ɗora a cinya. Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Babu wanda ya lura na daina. Injin na ta bugawa shi kaɗai, mutane na ta rawa. Har wata mata ta zo ta liƙa mini kuɗi a goshi tana cewa, "Yanzu ka yi kiɗa!" alhali hannuwana na kan cinyata.

Da aka sauya zuwa waƙoƙin da mai sa kiɗan biki ke saki a lasifika, na naɗe wayoyina, na ɗaure fiyano a bayan babur, na tafi gida ko shinkafar ban taɓa ba. Mahaifiyata ta ga fuskata, ta dai turo mini kwanon tuwo.

Abokina ya yi ta kira ban ɗaga ba. Bayan 'yan makonni mahaifiyata ta haɗa wa amarya 'yan kayan miya da turare ta ce in kai. Na ce a aiki wani. Ta ce, "Kai na aika." Na ɗauka na tafi.

Na tarar falon cike, ashe ranar aka kawo bidiyon biki. Ga gwaggon amarya ta zo daga Fassi ganin ɗaki, ga emsi ya miƙe ƙafa a kan kujera. Na gaisa na ajiye saƙo zan fita, abokina ya riƙe mini riga ya ce in zauna ko kaɗan ne. Na zauna a bakin ƙofa.

Aka zo wurin da ake fito da amarya daga gidansu. Ga mahaifiyarta ta riƙe ta a soro ta ƙi saki, ga ƙannenta sun biyo mota a guje. Mai bidiyo ya cire hayaniyar wurin ya sa kiɗa a ƙasa. Sautin farko kawai na ji na gane shi. Kiɗana ne. Hannuna ne.

Falon nan ya yi tsit. Gwaggo ta ja gefen mayafi tana share ido, amarya ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Har emsi ya sauke ƙafa daga kujera. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, Turawa sun iya abu! Kamar ana yanka zuciyar mutum." Ya juyo ya kalle ni. "Malam, ka ji irin wanda ya kamata ka koyo."

Na ce, "Ni na kaɗa wannan."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "To ku saurara. Yanzu kaɗan yatsa zai zame, za ku ji sauti ɗaya ya fita daga layi." Suka saurara. Ya kuwa zame. Ku dubi inda aka kai ni, sai da kuskurena na kafa hujja cewa aikina ne. Abokina ya kira mai bidiyo a waya ya sa kowa ya ji. Mutumin ya ce, "E, na Malam ne. Lokacin gwaji na ɗauka. Na nemi abin da zan sa a wurin kukan ban samu kamarsa ba." Bai tambaye ni ba, bai rubuta sunana ko'ina ba. Wurin da na zauna a gaban jama'a kuwa ya yanke shi gaba ɗaya, wai ba a jin komai.

Na zaci emsi zai ji kunya. Sai ya buɗe baki, da gaske fa, ba da wasa ba, ya ce, "To Malam, me ya hana ka kaɗa mana wannan a ranar?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Shi na kaɗa! Shi ɗin nan! Shi kake sanar da mai farar mota a kansa! Shi ka danna wa ganga! Wata nawa ina fama da shi, kai ko minti biyu ba ka iya rufe baki ba!" Ni da ɗalibai ke cewa ban iya faɗa ba, ga ni ina ihu a falon amarya, gaban surukai.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, yi haƙuri. Mu mun ɗauka injin ne bai kama ba."

Na fita. Abokina ya biyo ni har wajen babur yana cewa in tsaya. Ya ce shi ya ga kowa na murna, ango kuma ba ya ɓata rai a ranar bikinsa. Na ce, "Kai ka ce in ka ce a yi shiru za a yi. Ko sau ɗaya ka ce?" Ya ce bai ce ba. Na tada babur na bar shi a tsaye.

Amaryar ce ta gyara tsakaninmu daga baya. Ta zo gaida mahaifiyata, ta ce a kira ni. Ta ce, "Yaya, ni fa na ji kiɗanka a ranar. Tun daga ƙofa tsoro ya kama ni, kiɗan nan ne ya sa na iya takawa. Da aka sa gangar nan ji na yi kamar an watsa mini ruwa." Wannan maganar ce ta sa na ɗaga wayar mijinta. Yau muna nan lafiya, yaransu Baffa suke ce mini.

Amma in na ce muku abin ya wuce a raina, na yi ƙarya. Da a ce ba su da kunnen jin irin wannan kiɗan ne, da ban ji haushi ba, kowa da abin da ya saba. To suna da shi. Na ga hawayensu da idona. Da suka ɗauka wani Bature ne a wata ƙasa, sun ba shi shirun da yake buƙata. Da yake ni ne, wanda suka sani yana wucewa a babur da alli a riga, ko su jira su ji ƙarshen abin ba su iya ba. Tun daga lokacin, in ɗalibi ya miƙe a aji zai karanta abin da ya rubuta, duk wanda ya yi tari da gangan sai ya fita waje. Sun ce na cika zafi a kan wannan. E, na cika.

Bara emsi ya kira ni. Wai ƙanwarsa za ta yi aure, yana son in zo in kaɗa "wancan mai sa kuka" lokacin shigowar amarya. Na tambaye shi wa zai riƙe makirfo. Ya ce shi mana, wa kuma? Na ce masa to, zan duba.

An yi bikin, yarinyar har ta haihu. Ni har yau ina dubawa.