Uwar Tsari da Gurgun Suna

A ofis Uwar Tsari ake ce mata, don ko kofin shayinka ta gani a karkace sai ta daidaita shi. Ita ce babba a gidansu, ƙanne rututu, tun tana ƙarama ta saba da jera takalman mutane. Da ta gama karatun kwamfuta, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta, aka damƙa mata manhajar da kowa ke gudu.

Aikin manhajar tafinta ne. Harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su ba sa jin juna, manhajar ce ke rubuta musu abin da zai haɗa su. Wani dattijo ne ya fara ta, kuma duk sanda aka buƙaci sabon harshe sai ya liƙa shi a gefe, kamar mai ƙara ɗaki a gidan haya, har ta kai in ka taɓa ƙofar banɗaki, fitilar kicin ce ke mutuwa. Daga nan ya yi ritaya, ya koma kiwon zabbi.

Uwar Tsari ta zage damtse. Ta ware sashen karantawa daban, na rubutawa daban, kowane harshe da ɗakinsa. Tana cikin wannan shara ta gano dattijon ya ci harafi ɗaya a sunan wani umarni, manhajar kuwa ta yi shekara da shekaru tana maimaita kuskuren a kowane harshe. Ta gyara shi, ta tafi gida tana 'yar waƙarta.

Washegari wayoyin ofis suka hana kowa sakat. Ashe masu amfani da manhajar duk a kan gurgun sunan suka yi gini; da ya miƙe, nasu ya zube. Manaja ya tsaya a kanta yana share gumi, yana cewa garin neman gira an rasa ido.

Ta buga wa dattijon waya, zabbi na ta kuka a bayansa.

"Baba, ka san da kuskuren nan?"

"Na sani, 'yata. Ni ma na taɓa gyara shi."

Haka ta mayar da kuskuren da hannunta. Sai dai ba ta iya jefa abu haka kawai ba, sai da ta rubuta wa kuskuren wani gwaji a cikin manhajar mai yin ƙara duk sanda wani ya yi gigin gyara shi. Tana nan har yau, an ƙara mata girma, kuma ita ke koya wa sababbin ma'aikata rubuta kalmar a gurgunce, fuska a murtuke.