Ganyen Ƙaiƙayi da Dabino a Cikin Randa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Shekarun baya, zamanin da yaƙin Turawa ya tsare jiragen ruwa, sha'ir ya yi wuya a Makka. Muna zaune a can, a unguwar Tandabawi. Nonon iyalina ya ƙafe, jaririyarmu ba ta da abin sha sai madarar akuyarmu guda, akuyar ma tana ramewa don rashin abinci.

Da aka yi ruwan sama, wani ganye mai ƙaiƙayi, wanda Larabawa ke kira ƙurrais, ya tsiro a kwaruruka. Tsiron Harami ba a yankarsa, don haka na fita bayan iyaka da jakin aro, hannuwana naɗe da tsumma. Har yau ina mafarkin koren nan, shimfiɗe a gindin baƙaƙen duwatsu kamar darduma.

Akuya ta ƙi shi ɗanye. Wanda na fara danƙarewa a randa kuwa ruɓewa ya yi. Sai mahaifiyata ta ce ganye ba ya tsima da kyau sai da zaƙi. Muka bar shi ya yi yaushi, muka cuɗa shi da jiƙaƙƙen dabino da dusa da ɗan gishiri, muka liƙe bakin randar da laka.

Ranar da aka buɗe, tsamin da ya taso ya tsorata ni. Dabino ne ya daɗe a rufe. Kada dai giya na haɗa a maƙwabtakar Ɗakin Allah? Na hana a ba akuyar, na duƙufa cikin littattafan fiƙihu, yarinya tana ta kuka a ɗaki. Mahaifiyata ta ce in tashi in je in tambaya, tun kafin karatuna ya kashe mata jika.

Na kai wa malamina kaɗan a ƙoƙo. Ya sansana, ya lumshe ido, ya ɗanɗana.

"Ɗana, wannan tsamin khal ne, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, babu maye a cikinsa. Koma gida, akuya ba ta jiran fatawa."

Da na ba akuyar, ta ci har tana lasar ƙoƙon. Ba a daɗe ba hantsarta ta ciko, kukan ya lafa, gida ya yi shiru irin na bayan ruwa.

Yarinyar nan yau jikokinta ne ke riƙe mini sanda. Tsantseni abu ne mai kyau, amma tun ranar na gane cewa idan rai na jira, gaggawar tambaya ita ce tsoron Allah.

Allah Ya ciyar da ku halal, Ya raya zuriyarku, Ya sanya albarka a gidajenku. Amin.