Inna da Keken Asibiti

A shekarun da suka gabaci yaƙi, ni ce mai raka mahaifiyarmu wankin ƙoda. Muna zaune a unguwar Kalakla, asibitin kuma yana birnin Omdurman a ƙetaren kogi, don haka da sassafe muke shiga motar haya mu tsallaka gada. Ciwon ya cinye mata ƙarfi ƙwarai. Daga ƙofar asibiti zuwa gado sai ta jingina da bango ta yi haki.

Wata rana likitar sashen, wata siririyar yarinya, ta shigo ana biye da ita da wasu ƙarafa. Keke ne marar taya marar sirdi, feda kawai, a ƙarshen gado ake ɗaura shi. Ta yi bayani da Larabci cewa idan mutum yana juya ƙafa lokacin da inji ke tace jininsa, zuciya takan ƙara ƙarfi, kumburin da ke ɓoye cikin jiki kuma yakan ragu.

Inna tana jin Larabci tsaf, amma in magana ba ta yi mata ba, Hausa kaɗai take ji.

"Me take cewa?" ta tambaye ni.

"Wai keke za ki tuƙa, Inna."

"Ni? Da jikokina har da masu aure, yanzu zan ɗaga ƙafa sama a gaban jama'a? Ce mata an gode."

A gadon da ke kusa da nata akwai wata Hajiya Balarabiya 'yar Omdurman. Rana ɗaya ake musu wanki, kuma ba su taɓa shiri ba: in wannan ta ce a kunna fanka, waccan sanyi take ji. Hajiyar ta miƙa ƙafafunta aka sa mata keke, ta fara juyawa a hankali. Can ta ce wa likita, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ƙyale ta, 'yata. Ba kowa Allah ya ba ƙafa ba."

Nan take Larabcin Inna ya dawo.

"Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, har ya iso garin nan. Mu za a gaya wa ƙafa? Kawo abin!"

Sharaɗinta ɗaya: kada a ga ƙwaurinta. Haka na tsaya na baza mayafinta kamar labule, ita kuma tana bayansa tana gurnani.

Likita ta ce a hankali ake yi. Suka ce to. Tana juya baya sai ƙarafa su ɗauki ƙara.

"Na kai kasuwa," in ji Hajiya.

"Ki gaishe su," in ji Inna. "Ni na wuce Shendi."

Garin nuna mata hanyar Shendi, wani gari can da nisa, Inna ta ɗaga hannun da ke da allura. Inji ya fasa kuwwa, nas ta shigo a guje, aka yi wa Inna faɗa kamar ƙaramar yarinya. Da aka gama sai ta ce laifin injin ne, tsegumi gare shi.

Akwai ranar da jinin Hajiya ya sauka, aka hana ta keke. Na zaci Inna za ta yi murna. Sai ta zare ƙafafunta ta ja mayafi.

"Ba na tsere da marar lafiya," ta ce, ga ta kwance da robobi a hannu. Ranar har fanka ta yarda aka kashe.

Bayan wasu watanni likita ta kira ni ta ce awon zuciyar Inna ya yi kyau, alamar kumburi a jininta ma ta ragu. Ƙodar dai ba ta dawo ba, wanki yana nan. Amma a gida mun ga sauyi. Inna ta shiga madafa ta sake wa kowace tukunya wuri. Ta zagaya bayan gida ta gano tulun da aka fasa aka ɓoye mata. Wata safiya muka neme ta muka rasa, ashe ta taka har gidan burodi don ta gaya wa mai shi cewa burodinsa ya rame.

Yayana ne ya je ya taho da ita, yana ta ba mutumin haƙuri. Da suka shigo ya ja ni gefe ya rage murya.

"Don Allah ki tambayi likitar nan, ba za a ɗan rage mata keken nan ba?"